Abokin Ƙafar Haladu

Tun da na dawo daga tafiyar nan ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa a majalisarmu ta bayan La'asar ba. Wannan ya ce, "Malam, wai da gaske a can kuka kwana?" Wancan ya ce, "Wai da gaske da takalmin taya kuka dawo?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa yana ɗaukar inda ya ba shi dariya yana barin sauran. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta har ƙarshe, in har yanzu yana ganin abin dariya ne, ya zo ya koya mini.

Tafiyar ba ta da nisa. Daga ƙofar gidana a Ɗorayi zuwa Challawa a-daidaita-sahu biyu ne, in direba bai tsaya shan mai ba. Sai dai na shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma kowace shekara sai na zana wa ɗalibai da'ira uku a allo, na rubuta Sharaɗa, Challawa, Bompai, na ce su haddace, nan ne masana'antun Kano. Wanda ya manta ɗaya na rage masa maki. Ni kaina ban taɓa taka ko ɗaya ba.

Haladu ne ya kai ni. Shi ne mai kaɗa ƙararrawa a makarantarmu lokacin da na fara koyarwa, shi ne kuma mai raba alli. Da masaƙu suka yi tashe ya bar mu ya koma Challawa, yana cewa ya gaji da kaɗa wa wasu ƙararrawa, shi ma yana so a busa masa jiniya. Masaƙar ta rufe, matarsa ta rasu, mai gidan haya ya gaji da haƙuri. Daga nan labarinsa ya yanke. Yayarsa Iya Ladi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ran nan ta aiko a yi mini sallama, ta ce wani mai kai fata majema ya gan shi.

"Malam, ciwon suga gare shi, irin na mahaifinmu," in ji ta. "Shi ma mahaifin namu ta ƙafa abin ya fara masa, har aka yanke. Ku ne kawai zai ji kunyarku. Ku dawo mini da shi tun ƙafafun nan suna jikinsa."

Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne. Ina so mai karatu ya riƙe cewa da bakina na faɗi haka.

Ranar Laraba na sa farar shadda mai sitati, da baƙin takalmina sau-ciki da na saya don bikin ritayata, na ɗauki laima, kamar mai zuwa duba makarantu. A Panshekara na canza abin hawa. Tun kafin mu hango dogayen bututun hayaƙi hanci ya sanar da ni mun kusa. Littafin da nake koyarwa da shi ya lissafa fata da saƙa da roba da sabulu, amma bai ce uffan a kan wari ba. Ina jin shi ma marubucin daga allo ya san wurin.

Direban ya hango ni ta madubi ina toshe hanci da hankici.

"Baba, baki za ku rufe, ba hanci ba," ya ce. "Hanci zai saba. Baki ne ba ya yafewa, sai ku kwana uku kuna jin abin a miya."

Inda kwalta ta ƙare ya tsaya, ya ce nan ce iyakarsa, ya nuna mini bayan wata doguwar katanga.

Kowace ƙasa tana da kan iyaka, wannan ma da tata. Kwata ce mai faɗi, ruwanta shuɗi a gefe ɗaya, ja-ja a ɗayan, kumfa a tsakiya, an gitta mata katako guda. A tsallake wani dattijo dogo, siriri, yana zaune a kan jarka yana ɗinke buhu. Ya bar ni na kai tsakiyar katakon, inda ba gaba ba baya, sannan ya yi tambaya.

"Daga hukuma, ko daga masu ɗaukar hoto?"

Na ɗaga hannu zan yi bayani, laimata ta suɓuce ta faɗa cikin shuɗin. Ruwan ya fantsamo mini a gaban riga. Na sunkuya zan kamo ta.

"Ku bar ta, Mushe," ya ce. "Abin da ya faɗa nan ya zama ɗan ƙasa."

Sunansa Isuhu, mutumin Damagaram ne, kuma Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a ƙasarsu. Na tambaye shi yadda ya gane sana'ata. Ya ce wa zai zo Challawa da farar shadda in ba malamin makaranta ba. Da na ambaci Haladu ya ajiye allura ya dube ni sosai, sannan ya ce, "Bawana ne. Ku zo." Na tuna da wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, na bi shi.

Fasfo dai ba a nema ba, amma akwai kwastan. A bakin shiga an rataye ƙaramar jarka a jikin sanda, an huda ta, an ɗaura mata igiya wadda in ka taka da ƙafa ruwa ke zubowa siriri. Gefenta wani dunƙulen sabulu mai launi uku yana lilo a cikin raga. Isuhu ya tsaya a kaina har na wanke hannu, ya sa na sake saboda ban shiga tsakanin yatsu ba. Shekara talatin ina duba farcen 'ya'yan mutane a layin safe, ranar aka rama musu.

Masaukin rumfar lodi ce ta wata matacciyar masaƙa, rufin kwano mai tsawo, ba bango sai a baya. Maza sun haura ashirin, mata kaɗan a can ƙarshe bayan wani shinge na tsohon kwano. Akwai 'yan Jigawa, akwai na ƙauyukan Kano, akwai 'yan Nijar, kusan duk sun taɓa riƙe katin shiga wani kamfani. Yanzu aikin yini suke bi, ranar da aka samu. Daga baya na gane masaƙar nan ita ce wadda Haladu ya bar mu dominta. Yana kwana daidai inda dā yake loda atamfa a mota.

Na same shi yana shanya riga. Ya rame, ya yi furfura. Ya yi niyyar durƙusawa ya gaishe ni, gwiwoyin suka ƙi, ya tsaya a rabin hanya kamar mai ruku'u.

"Malam, ku ne? An tashi daga makaranta ke nan?"

Na isar da saƙon yayarsa. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa.

"Malam, da sabon keke na bar unguwar nan, yara suna bina. Yanzu in koma da leda ɗaya, in zauna a zauren Yaya, ta daka ta ba ni? Ku ce mata ina nan tafe. In na kama aiki zan zo da kaina."

Na ce wane aiki. Ya ce an yi masa hanyar gadi a wani sito a Bompai, har da ɗakin kwana, amma sau biyu yana zuwa ana mayar da shi. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban matsa ba. Na yanke shawarar kwana, ina ganin zuwa safe zan shawo kansa, don ban taɓa gamuwa da ɗalibin da ya fi ƙarfin darasi biyu ba.

Isuhu ya zagaya da ni ƙasar tasu. Mu a Ɗorayi ruwa iri biyu muka sani, wanda famfo ya kawo da wanda bai kawo ba. Su nasu huɗu ne. Shuɗi na rini, ba a taɓawa. Ja na majema, ba a ko tsayawa kusa. Fari mai kama da koko shi ne mafi sharri, shi ke cin fata. Na huɗu wani bututu ne da ya ɓullo ta katangar kamfanin da har yanzu ke aiki a maƙwabtansu, yana tsiyayar da ruwan zafi daga tukunyar injin da hantsi. Shi suke tara a jarkoki, layi-layi, masu ciwo a gaba. Na sha kuwa a masallacin bakin titi ake ɗebowa. Kowa in ya fita aiki akwai abin da ake sa ran ya dawo da shi. Na kamfanin roba ya kawo jarkar da aka ce ta karkace, na majema ya kawo gishiri a dafa a tace don wanke ciwo, na masaƙa ya kawo ƙyallen gefen yadi. A jikin bangon baya akwai 'yan ramuka, kowanne da reza a ciki ɗaure da zare, kowa da launin zarensa. Aron reza shi ne laifin da ake korar mutum a kansa. Isuhu ya ce sun binne mutum biyu kafin su kafa wannan doka.

Abincin yamma garau-garau ne, shinkafa da wake da mai da yaji, a faranti huɗu. Don in nuna ni ma baƙon kirki ne, na ce a je bakin titi a sayo mana ganda a ƙara. Can wani ya ce, "Malam, mu nan mun san inda ganda take kwana kafin ta je kasuwa." Tun ranar ban sake cin ta ba, kuma ina ba 'yan majalisa haƙuri da na faɗa.

An shimfiɗa mini kwali biyu, wanda Isuhu ya ce gadon manyan baƙi ne. Sauro bai san da wannan matsayi ba.

Da safe na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Bayan an idar da sallah gari ya yi haske, maimakon kowa ya watse, sai suka zauna bibbiyu suna fuskantar juna, kowa ya ɗora ƙafarsa a cinyar ɗan'uwansa. A gida in yaro ya miƙe tafin ƙafa wajen babba sai an yi masa faɗa har ya girma yana tunawa. A nan ita ce gaisuwa. Na ji wani yana cewa, "Ina ƙafa?" ana amsa masa, "Sai ka duba."

Isuhu ya kama ƙafar Haladu ta hagu, ya juya ta wajen haske, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya bi faso da ɗan yatsa, ya danna dunduniya.

"Dubi ƙafar Bakano," ya ce. "Kamar gurasar da ta kwana."

"Ka duba da ladabi, ƙafar ubangidanka ce," in ji Haladu. "Kakanka ma aikin da ya yi wa kakana ke nan."

Ya wanke wata 'yar tsaga da ruwan gishiri, ya shafa man kaɗanya, ya naɗe da ƙyalle. Sannan suka canza, Haladu ya ɗauki tasa.

Na tambayi dalili. Isuhu ya ce shi farin ruwan majema ne ya kashe masa tafin ƙafa, shekara da shekaru yana taka shi. Haladu kuma suga. Da yawansu haka suke, ko wuta suka taka sai sun ji ƙauri. Ga baya da gwiwa da lodi ya sandarar, mutum ba ya iya lanƙwasawa ya ga ƙasan ƙafarsa.

"Ƙusa ta taɓa kwana biyu a ƙafar wannan bawan Allah yana yawo da ita," ya ce. "Da ya taka siminti ne muka ji tana ƙara."

Na ce to me ya sa ba a karɓa-karɓa, yau wannan ya duba ka gobe wancan, ai an fi samun idanu da yawa.

"Mushe, wanda ya ga ƙafarka jiya shi ne zai gane abin da ya ƙaru yau. Baƙon ido tabo kawai zai gani, bai san tsoho ba bai san sabo ba."

Abokin ƙafa suke kiransa. Shekararsu huɗu tare. Wani ya yi mini tayin in miƙo tawa a duba, na ce na gode, lafiyarta ƙalau. Gaskiyar magana safata ce ta huje a babban yatsa. Na ciro ɗan littafina na rubuta al'adar, har na ja mata layi a ƙasa, kamar yadda nake yi wa abin da zai fito a jarrabawa.

Ranar Alhamis ce, kuma layin Haladu ne na ɗauko sabulu a Sharaɗa. Isuhu ya tafi majema, ni na bi Haladu. A bayan wani kamfanin sabulu muka sami Talatu, mace mai ƙiba da murya, wadda ke sharar ɗakin yanka sabulu. An yarje mata ta kwashe ɓurɓushin da ya zuba. Takan tankaɗe shi, ta narka a tsohuwar tukunya, ta zuba a gwangwanayen madara ya daskare. Shi ya sa sabulunsu ke da launi uku. Ita ma ba ta da ɗaki, a kan wata matacciyar tirela take kwana, ita da wasu mata biyu. Na ga wasu ƙyallaye da ta dafa ta shanya daban, na tambaya don in rubuta.

"Wannan na mata ne, Malam," ta ce. "Ba ya cikin darasinku."

Muna zaune a inuwar tirelar tana ɗaure mana sabulu, na sake tayar da maganar Bompai. Sai a nan Haladu ya faɗi dalilin da ake mayar da shi. Riga da wando su ke bayarwa, amma takalmi sau-ciki mutum ke zuwa da abinsa. Ya miƙo ƙafa ya nuna mini nasa, na taya, buɗaɗɗe, mai maɗauri biyu. Isuhu ne ya yanka masa, ya bar shi da faɗi.

Na ji wani daɗi ya kama ni, irin wanda malami ke ji in ɗalibi ya yi tambayar da ya san amsarta. Ashe tsakanin mutumin nan da aiki da ɗaki da komawa wajen yayarsa da mutunci, takalmi ne kawai. Ga shi kuwa a ƙafata. Na kwance igiya na tuɓe, har da safar, na ce ya gwada. Ya ƙi, na ce umarni ne. Ya sa da ƙyar, ya miƙe, ya yi taku uku zuwa huɗu.

"Sun matse ka?" na tambaye shi.

"Ko kaɗan, Malam. Ban ji komai ba."

Talatu ta dakata da ɗauri.

"Malam, da kun bari Isuhu ya gani tukuna."

Na ce mata Isuhu ba baduku ba ne, kuma mai ƙafa ya ce bai ji komai ba. Ta dube ni, ta dubi takalmin, ta ci gaba da ɗaurinta. Littafin da na ja wa al'adar layi a ciki yana aljihuna a lokacin, awa huɗu da rubutawa.

Daga nan muka ratsa gari zuwa Bompai, ni da shadda mai shuɗin tabo da takalmin taya, shi da tsohuwar riga da takalmin bikin ritaya. Wata mata a cikin a-daidaita ta yi ta kallon ƙafafunmu tana neman gane wane ne mahaukacin. Bompai ta fi sauran tsafta da shiru, manyan bishiyoyi, faffaɗan tituna, ƙofofin ƙarfe a kulle. Inda dā ake ƙera kaya, yanzu ana ajiye wanda aka ƙero a wasu ƙasashe. Manajan siton ya fito, bai dubi fuskar Haladu ba, ƙafarsa ya duba, ya ce ya fara yau.

Aka nuna masa ɗakin gadi. Taku uku ne tsawonsa, da benci da taga. Ya shiga ya tura ƙofar, ya buɗe, ya sake turawa.

"Malam, har da sakata," ya ce.

Ya ce in gaya wa Yaya ƙarshen wata zai zo da tsaraba, in kuma gaya wa Badamagaren nan ya ba shi hutu zuwa Juma'ar mako mai zuwa, ranar zai leƙo. Ban tambaye shi wanda zai duba masa ƙafa gobe da safe ba. Tambayar ba ta ko zo mini ba. Sabulun da saƙon kuwa, wani mai a-daidaita da ke bin hanyar Panshekara na ba ya kai. Ban koma da kaina ba saboda wari. Na faɗa tun da na yi alkawarin faɗin komai.

Na dawo gida kafin Magariba. Iya Ladi ta yi ta sa mini albarka, ta aiko da kwanon dambu. 'Yan majalisa suka ga takalmin taya suka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su. Wannan shi ne ɓangaren labarin da kowa ya sani.

Bayan kwana goma sha tara aka yi mini sallama da hantsi. Na fito na ga Isuhu a tsugune jikin bango, da baƙar leda a gefensa. Na ce yaya aka yi ya gane gidan. Ya ce ya tambayi gidan Mushen da ya dawo da takalmin taya, ba wanda bai sani ba.

Haladu bai zo Juma'ar farko ba, bai zo ta biyu ba. Ashe maigadi ɗaya ne a siton, ba mai canjinsa. Majema kuma ba fata a makon, Isuhu ba shi da na mota, sai ya taka da ƙafa daga Challawa har Bompai. Ya same shi a bakin ƙofa cikin kaki, takalmi yana ƙyalli, kullum sai ya goge shi. Ba ya cirewa sai zai yi alwala, a nan ma saman ƙafar kawai yake iya gani.

"Tun daga nesa na ji," in ji Isuhu. "Shi bai ji ba. Hancinsa ya mutu tun a Challawa. Da na cire na hagun, safar ta taho da nama."

Ƙafata ta fi ta Haladu ƙanƙanta da lamba ɗaya. Takalmin ya ci masa dunduniya da ƙaramin yatsa tun ranar farko, ya kwana goma sha bakwai yana tsaye a kai. Masu siton sun kai shi asibiti a motar kaya, suka ɗauki wani maigadin. Isuhu ya kwana biyu a wajensa, sannan ya sake takowa zuwa Ɗorayi. Ya tura mini ledar.

"Ya ce a dawo muku da abinku, a ce ya gode."

Na bi shi asibiti. Wannan ita ce tafiyata ta biyu, kuma ba ni da abin faɗa a kan hanya ko abinci. Likitar, wata matashiya mai gajiya a ido, ta tambaya wa ya ba mai ciwon suga matsattsen takalmi. Na ce ni ne. Ta tambayi aikina, na gaya mata. Ta ci gaba da rubutu. An yanke ƙafar hagun daga ƙasan gwiwa. A baranda na sami Iya Ladi zaune a kan tabarma da kwanon abinci a gabanta. Na shirya ta zage ni, na ma so ta yi.

"Malam, kun kyauta," ta ce. "Da ba ku je ba da ban san inda yake ba. In an sallame shi gida zai zo."

To, ga shi nan. Na dawo mata da shi.

Kwana uku bayan aikin aka bar mu muka shiga, ni da Isuhu. Haladu yana kishingiɗe, zanen gado ya lotsa a inda ya kamata ya tashi. Ya gaishe ni da ladabinsa na dā, ya tambayi iyali, ya tambaya ko takalmin ya iso. Na fara wata magana da na kwana ina shiryawa, ya ce, "Haba Malam, ku da kuka tuɓe kuka ba ni." Sai ya juya wajen abokinsa ya tambayi mutanen rumfa. Isuhu ya ce suna nan, sai dai kamfanin maƙwabta ya tsayar da inji, bututun ruwan zafi ya kafe, yanzu a gwangwani ake dafa na masu ciwo.

"To bawana," in ji Haladu, "ka ga na rage maka aiki. Ɗaya ta rage."

"Dā ma ta hagun ce mai rashin kunya," in ji Isuhu.

Ya ɗaga zanen ya kama ta daman, ya juya ta wajen taga, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce lafiya lau.

"Kawo taka," in ji Haladu. "Wa yake duba maka?"

"Ana dubawa."

"Wa?"

Isuhu ya jawo kujera, ya zare takalminsa na taya, ya ɗora ƙafar a gefen gado, ƙafar da ta taka daga Challawa zuwa Bompai, daga asibiti zuwa Ɗorayi. Na matso na leƙa. Ni dai faso na gani, da kanta, da tabbai iri-iri, ba wanda ya fi wani a idona. Haladu ya bi ta da yatsa a hankali, daga yatsu zuwa tsakiya, yana wuce tabban kamar mai wuce gidajen unguwarsu. Kusa da dunduniya ya tsaya a kan wani baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar wake ba. Ya danna. Ya dubi fuskar Isuhu, Isuhu yana kallon taga, bai san an taɓa shi ba.

"Wannan sabo ne," in ji Haladu.